Mai bi ya tuba daga tauye mudu: alherin Allah ya wadatar, ko sai ya mayar da abin da ya ci?

Malamin Lahadi, Garwa

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman haske daga iyayenmu da malamanmu a kan wata magana da ke raba kan masu bi duk lokacin da ta taso. A ce ɗan'uwa ne mai awon dawa da masara a kasuwa, shekara 4 yana sayarwa da mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Maganar Allah ta kama shi, lamirinsa ya hana shi barci, ya je wurin dattijon ikkilisiya ya faɗi gaskiya, ya kuma daina awo da wannan mudu.

Wasu na cewa magana ta ƙare, tunda Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don haka neman ya biya kamar raina jinin Yesu ne. Wasu kuma na cewa tubansa na baki ne muddin hatsin mutane na cikin jarinsa. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne mafi yawan masu sayen bai san su ba, wasu daga ƙauye suke zuwa ranar kasuwa kawai, wasu ma sun rasu. To dole ne ya mayar? Nawa, kuma wa zai ba? Zai iya cin Jibin Ubangiji kafin ya gama biya?

Fasto mai ritaya, Ngaundere

Salama, ɗana. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da shi. Wanda ya kawo Afisawa 2:8-9 ya daure ya ƙarasa zuwa aya ta 10, inda Bulus ya ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ya kuma juya shafi zuwa 4:28, inda aka ce wa ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Wasiƙa ɗaya ce, marubuci ɗaya.

Abin da ya kamata a lura da shi a labarin Zakka, Luka 19, shi ne abin da ya riga wani. Yesu bai ce masa ya fara kawo takardar biya ba. Shi ne ya fara kiransa da suna, ya ce a gidansa zai sauka yau, jama'a na gunaguni. Bayan an karɓe shi ne Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki 4. Gafara ce ta haifi biyan. Idan aka juya su, mutum zai riƙa awon hatsi yana bai wa mutane da tunanin yana sayen gafara, kuma irin wannan ba ya samun hutu, domin kullum zai ji kamar da saura.

Amma kada kowa ya fake da wannan. Laifin fuska biyu gare shi. Akwai zunubi a gaban Allah, wanda babu buhun dawa da zai share shi sai jinin Almasihu, kamar yadda Ibraniyawa 9:14 ta ce shi ke tsarkake lamiri. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, matar da ta biya kuɗin mudu 5 ta kai gida 'ya'yanta suka ci abin da bai kai ba. Gafarar Allah ba ta mayar da dukiyar wannan mata ta zama ta mai awo. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, shi ne wanda ya fi kowa kare koyarwar alheri a muhawararsa da Pelajiyus, malamin da ya fifita ƙoƙarin mutum, amma shi ɗin dai ya rubuta wa wani jami'in mulki mai suna Makedoniyus cewa wanda ke da halin mayar da abin da ya ƙwace ya ƙi, ba tuba yake ba, kwaikwayon tuba yake. Ya sa sharaɗin in da hali, kuma sharaɗin na da muhimmanci.

Ga waɗanda suka tashi a ikkilisiyoyin Luta na Kamaru, ko EELC nan Ngaundere ko EFLC can Garwa, ba sabuwar magana ba ce. Ƙaramin katikisim na Luta na 1529, a bayanin doka ta bakwai (wasu ikkilisiyoyi ta takwas suke ƙidaya ta), ya ce kada mu sami kuɗi ko kayan maƙwabci ta hanyar jabun kaya ko cinikin ha'inci, sai dai mu taimake shi ya kiyaye dukiyarsa da sana'arsa. Yara na haddace wannan kafin a karɓe su ga Jibi, sai su girma su ɗauka sata ita ce fasa ɗaki da dare kawai. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 kuwa ta hana ko ajiye ma'auni biyu a gida, babba da ƙarami, Amos 8:5 kuma ya kwatanta ainihin 'yan hatsin da ke ƙosawa Asabar ta wuce su rage mudu su ƙara kuɗi.

Game da nawa, ninki 4 na Zakka ba doka ba ce a kan kowa, zuciyarsa ce ta kai shi. Abin da ya fi dacewa da wanda ya tona kansa da kansa shi ne Littafin Firistoci 6:1-5: ya mayar da ainihin abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin 5. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ƙara da cewa in mai haƙƙin ya rasu a ba danginsa. Lissafin kansa na bar wa masu iya shi.

Ma'aji, Marwa

Baba Fasto, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗauka daga inda kuka tsaya.

Kafin komai, kada ya jefar da tsohon mudun nan ko ya farfasa shi cikin zafin tuba, domin shi ne kaɗai shaidar da za ta nuna girman ɓarnar. Ya miƙa wa dattijon. A samo mudun da kasuwa ta yarda da shi, a samo sikeli mai kyau, a yi awo da hatsi iri ɗaya daga buhu ɗaya, mutum ɗaya kuma ya cika duka biyun yadda aka saba cikawa. Kada a auna sau ɗaya a tsaya, bambancin mudu ɗaya ƙarami ne, hannu ma na iya kawo shi. A auna 10 da wannan, 10 da wancan, a ɗora kowanne a sikeli. A yi wa dawa daban, masara daban, domin nauyinsu a mudu ba ɗaya ba ne.

Ga misali, alƙaluman nawa ne na koyarwa kawai. In 10 na mudun gaskiya sun ba da kilo 20, nasa kuma kilo 19, to yana tauye kashi ɗaya cikin 20. In yana karkashe buhu 3 a mako, yana fita mako 40 a shekara, buhu 120 ke nan, abin da ya tauye buhu 6 a shekara, 24 a shekara 4. In aka ɗora kashi ɗaya cikin 5 ya kusa buhu 29. Mutane da yawa in suka ga wannan adadi sai jikinsu ya mutu, domin a ransu ɗan abin da bai kai cikin tafin hannu ba ne suke ragewa.

A tambaye shi kuma, a hankali, da wane mudu yake saye. Sau da yawa mai ƙaramin mudu a rumfa yana da babba da yake shiga ƙauye da shi lokacin kaka. In haka ne, manoman da ya saya a hannunsu ma suna cikin masu haƙƙi, su kuwa an fi saninsu, ƙauyensu da gidajensu sanannu ne.

A rubuta bashin da hatsi, ba da sefa ba. Farashin buhu a watan Nuwamba, da sabon amfani ya shigo, daban yake da na Yuli da Agusta sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ya tauye a tsakiyar damina ya ce zai biya da farashin kaka ya sake cin riba a cikin tubansa. Buhu ya ci, buhu zai mayar.

Sai a raba masu haƙƙi. Masu saye a kai a kai, kamar masu tuwon sayarwa, masu kunu, masu niƙa, da gidajen da ke sayen na wata, waɗannan ya san su kuma su suka fi cutuwa. A ƙiyasta na kowa, a fara da su, mafi talauci a gaba. Musulmi ne, Kirista ne, mai bin gargajiya ne, babu bambanci ko kaɗan, kuma kuskure ne a fara da 'yan ikkilisiya don su ne ake jin kunyarsu. Waɗanda suka rasu a kai wa magada. Ragowar da ba a san masu shi ba a mayar wa matalautan yankin da kasuwar ke ci, gwauraye mata da marayu, musamman a watannin yunwa.

Inda abin ke lalacewa: mutum ya ɗauki bashi mai ruwa ko ya sayar da jarinsa kaf don ya gama a wata ɗaya. Wata 3 baya sai ka ga yara ba kuɗin makaranta, mai bashi na bakin ƙofa, shi kuma ya koma neman wata dabarar ha'inci. Gara a tsara abin da sana'ar za ta iya ɗauka, ko rabin buhu ne a wata, a rubuta a littafi, dattijo ɗaya da shi su sa hannu duk ƙarshen wata. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korantiyawa 8:18-21, ya tafi da waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa don kada a sami abin zargi. Wanda ya fito daga ha'inci jiya bai fi Bulus ƙarfin riƙe amana ba shaida ba.

Ɗaya kuma da ya kamata ma'aji ya ƙi karɓa: ya kwaso kuɗin ya zuba a baiko ko asusun gini, a karanta sunansa ranar Lahadi a yi masa tafi. Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baikon a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Rufin majami'a bai ci mudun kowa ba.

Katikis, Yagwa

Gaisuwa ga Baba Fasto da Malam Ma'aji. Lissafin ya yi kyau, amma ina da ja a wuri biyu.

Ƙarin kashi ɗaya cikin 5 ɗin nan, a ganina kada a ɗora shi a matsayin wajibi. Yana haɗe ne da hadayar laifi ta Tsohon Alkawari, da ragon da ake kai wa firist, wadda Almasihu ya cika. Koyarwar Katolika, a katikisim sakin layi na 2412, ta wajabta mayar da abin da aka ɗauka ko kwatankwacinsa, har da amfanin da mai shi zai samu da ba a raba shi da abinsa ba. Wannan shi ne adalci. Abin da ya haura, in mutum ya yi don ƙauna, madalla, amma dattijo ya ce dole sai 29 alhali 24 aka ci, yana iya karya wanda da ƙyar yake tsaye.

Na biyu, ba dole ne ya tona kansa a gaban kowa ba. Mayar da haƙƙi wajibi ne, shelar laifi a bainar jama'a ba wajibi ba ce. A wurinmu abin da aka furta wa Fada a ikirari ba ya fita ko ta halin ƙaƙa, kuma an yarda a mayar da dukiya ta hannun amintaccen mutum ba tare da an ambaci suna ba, a ce kawai wani ne yake da haƙƙinki a kansa ya aiko. Dalilin a fili yake. Laifin da aka yi a ɓoye in aka kai shi gaban taro, matarsa da 'ya'yansa da ba su ci ba su sha ba su ne za a riƙa nunawa da baki, wani kuma zai tashi ya ce buhu 10 yake bi alhali mudu 2 ya taɓa saye. Inda ya ga zai iya fuskantar mutum ido da ido ya nemi gafara, ya fi, amma a bar wannan ga hikima, mutum da mutum. Sharaɗi ɗaya: kada ya bari a ɗauka kyauta ce daga gare shi a yi ta sa masa albarka, wannan sabuwar ƙarya ce.

Sai maganar lamiri, wadda ban ga an taɓa sosai ba. Shekara 4 wannan lamiri na cikin ƙirjinsa bai hana shi barci ba. Me ya sa? Domin kowa a layin haka yake yi, sai abin ya zama ruwan dare. Lamiri kamar sikelin da Malam Ma'aji ya ambata ne, yana nuna nauyi amma shi ma sai an riƙa daidaita shi da dutsen awo na gaskiya, wato Maganar Allah da shawarar masu bi da suka manyanta. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 4:4 bai san wani laifi a kansa ba, amma ba wannan ne ya kuɓutar da shi ba, Ubangiji ne mai shari'a. 1 Timoti 4:2 kuma ta yi maganar lamirin da aka yi wa lalas har ya daina ji.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ke kama sabbin masu tuba. Mutum ya tsara biya, yana bi, amma kullum sai ya dawo: ko na manta wani, ko shekara 5 ne ba 4 ba, ko Allah ya karɓa. Ya sake lissafi sau 7. Maganin ba ƙarin buhu ba ne. A yi ƙiyasi na gaskiya sau ɗaya tare da shaida, in ana shakka a karkata wajen waɗanda aka cuta, a rufe littafin, kada a sake buɗe shi sai in sabuwar hujja ta fito. Ga sauran, 1 Yahaya 3:20 ta ce in zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma. Ba wanda zai iya mayar da kowace ƙwaya ga ainihin mai ita, a nan ne dogara ga alheri ke zama abin yi na kullum.

Maman Zumunta, Kuseri

Iyayena sannunku da ƙoƙari. Ku bar ni in kawo ta bakin rumfa.

Mudu ba shi kaɗai ke tauyewa ba. Ana iya riƙe mudun gaskiya a ci mutum da hannu: a karkata shi, a ƙi bari ya yi tozo, a zuba da sauri mai saye na hira, a tsallake ƙirge daga 7 zuwa 9. Ga algus, tsohon hatsi mai ƙwari a ƙasa sabo a sama, ko a bar tsakuwa da ƙaiƙayi. Nan bakin iyaka, inda wasu ke saye da koro irin na Injamena su sayar da wani ma'aunin, rikicin ya fi yawa, domin mai saye bai san wanne ake nufi ba. In ɗan'uwan nan ya canza ƙarfe bai canza hannu ba, aikin banza. Ya ajiye mudun a ƙasa ko a kan buhu yayin awo, ya ƙirga da ƙarfi, wanda ya so ya auna da kansa ya bar shi.

Yaran rumfarsa fa? Su suka koya a wurinsa, su ke awo in ya tafi sari. Ya zaunar da su ya gaya musu da bakinsa cewa abin da ya koya musu laifi ne. In ba haka ba zai riƙa biya ta ƙofa ana tauyewa ta taga.

Ga waɗanda bai sani ba, akwai hanyar da ta fi jiran watan yunwa sauƙi, ko a haɗa su: gyara. Duk mai saye ya ƙara masa abin da ya kai kashi ɗaya cikin 20 ɗin nan a kan cikakken mudu, tunda mafi yawan masu sayen jiya su ne na yau. Amma ya riƙa ɗiba daga buhun da ya ware dabam don wannan, domin ya san nawa ya fita, in ba haka ba zai ɗauka ya biya da yawa alhali bai kai ko'ina ba. Kada kuma ya yi talla da shi. Maƙwabtan rumfa za su ji haushi ko da gyara ko babu, domin cikakken mudu a tsakiyarsu tonon silili ne, za su ce yana kashe kasuwa. Ya shirya wa wannan, ya kama bakinsa, kada tubansa na jiya ya mayar da shi alƙalin layi.

Uwargida dole ta sani tun farko. Cefane zai ragu, wataƙila sai an fita daga adashi ɗaya. Matar da aka ɓoye wa dalili za ta yi zaton wani wuri kuɗin ke tafiya. Ya kuma sake lissafin ribarsa da mudun gaskiya, domin wasu ba su sani ba cewa ribar da suke gani duk daga tauyewar take fitowa. In farashin da yake sayarwa bai fitar da shi ba, ya ƙara kuɗin mudu a fili ko ya nemi sari mai sauƙi. Ƙarin farashi halal ne, mai saye ya gani ya zaɓa.

Malamin Lahadi, Garwa

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da malamaina. Saura maganar Jibi. In biyan zai ɗauki shekara 3 ko 4, zai zauna duk tsawon nan ba ya ci?

Fasto mai ritaya, Ngaundere

A'a, ɗana. Kowace ikkilisiya da tsarin horonta, sai a bi ta wurin fasto da dattawan wurin, amma a ganina wanda ya furta, ya miƙa mudun, aka rubuta bashin, ya kuma kai kashi na farko ga mai haƙƙi na farko, ba shi da dalilin zama a baya. Jibin abincin masu rauni ne, kuma shekarun biyan nan ne zai fi bukatarsa, musamman wata na 8 ko na 9, sa'ad da hawayen tuba suka bushe, ciniki ya ja baya, zuciya ta fara cewa ai wanda aka yi ya isa. Wanda za a dakatar shi ne mai hali da ya ce ba zai mayar ba.

A kan kashi ɗaya cikin 5, na karɓi gyaran Malam Katikis, kada a wajabta. Sai dai zan ba shi shawarar ya sa shi in zai iya, domin ƙiyasin mutum a kan laifin kansa yakan gaza, ƙarin sai ya rufe giɓin. In wata ya zo bai iya biya ba saboda ciwo ko fari, ya faɗa wa dattijon kafin ƙarshen watan, a rubuta, a matsar da wa'adin. Dattijon kuma ya zama wanda ba ya sana'ar hatsi, ba dangin matarsa ba ne, kuma littafin ya zauna a hannunsa, ba a ofishin ikkilisiya inda kowa ke buɗe durowa ba.